Shadda: yadda ake kula da ita don ta daɗe tana ƙyalli

Shadda, wadda ake kira bazin da Faransanci, yadin auduga ne da ake saƙa zanensa a jikinsa, ba buga shi ake yi a kai ba. Daga cikin mafi tsada akwai ta kamfanin Getzner da ke Bludenz a ƙasar Ostiriya. Wasu kan sayi fara su kai marina a Bamako ko Kano. Daga Yamai da Maraɗi zuwa Garwa da Njamena, ita ce tufar Salla da biki da suna. Magidanci kan yi watanni yana tara kuɗin ɗinki ɗaya, amma wanki ɗaya na ganganci ya isa ya kashe shi.

Inda ƙyallin yake

Ƙyallin shadda a saman zare yake. A masaƙa ana bi da yadin tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi har zaren ya kwanta ya yi sumul. Ruwa yana kumbura zaren auduga, cuɗa kuma tana tayar da gashinsa, shi ya sa kowane wanki yake rage ƙyalli. Don haka babbar ƙa'ida ita ce rage yawan wanki: a riƙa sa singileti don ya tsare zufa, idan an cire rigar kuma a rataye ta a inuwa ta sha iska kafin a ninke.

Wanki da tabo

Idan wanki ya zama dole, a juya rigar, a wanke da hannu cikin ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi. Ba a jiƙa ta ta kwana, ba a sa buroshi, ba a murɗa ta wajen matsewa. Rinanniyar shadda ita kaɗai ake wanke ta, domin takan zuba. Ruwan Javel yana cin launi, yana kuma raunana zare. A inuwa ake shanya, saboda rana tana koɗar da launi.

Tabon goro ko shayi, a ɗauraye wurin da ruwan sanyi nan take. Na mai ko manja, a barbaɗa hoda ta tsotse man, sannan a ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan. Kada a yi guga a kan tabo, domin zafi yana kafe shi. Turare mai maiƙo a jiki ake shafa shi, ba a kan yadi ba.

Ƙaro, bugu da guga

Bayan wanki ana tsoma shadda cikin ruwan sitaci ko na ƙaro, wanda Sudan da Chadi suka shahara da samar da shi, don ta sake tsayawa. Daga nan sai masu bugu: su ninke yadin a kan gungumen itace mai santsi, su yi ta dukansa da manyan sanduna har zaren ya sake kwanciya. Ana ganin wannan sana'a a kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano, da kuma unguwannin Bamako.

Mai guga a gida ya yi ta daga bayan yadi, musamman wurin aikin wuya. Idan dutsen gawayi ne, a shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a kai saboda tartsatsi. A sauran tufafi masu ɗauke da alamar dutsen guga, ɗigo ɗaya na nufin zafi kusan digiri 110, biyu 150, uku 200. Auduga tana jure uku.

Ajiya

Sai shadda ta bushe ƙayau ake ajiye ta. Leda tana riƙe danshi da damina har yadi ya yi fumfuna, gara a naɗe shi cikin tsohon zanen auduga. Wadda za ta daɗe a akwati kada a sa mata sitaci, domin yana jawo kyankyasai. A riƙa sauya ninki lokaci-lokaci, tun da a kan layin ninki zare yake fara karyewa. Ƙwayoyin kafur na naftalin suna korar ƙwari, amma kada su kusanci kayan jarirai: suna iya haddasa wa wasu jarirai shawara mai tsanani.