Yaro da Gari: Matasa da Ɗaukar Nauyi a Tarihin Ikkilisiyar Arewa

Hausawa suna da karin magana biyu game da yaro waɗanda suke jan igiya da juna. Ɗaya ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ɗayar kuwa ta ce yaro da gari abokin tafiyar manya. Tarihin matasan Kirista a ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da na Tibiri da aka cire daga cikinsa a 2011, tsakanin waɗannan maganganu biyu ya gudana.

Tun kafin zuwan mishan, Arawa ba su ɗauki saurayi a matsayin ɗan kallo ba. Da zarar ya iya riƙe hauya, sai ya shiga aikin gandu tare da magidanta, a kuma yanka masa gamana wadda amfaninta nasa ne. Samari suna da sarkinsu, su ke kiran gayya, su ke gyaran rijiya da tarbar baƙi. Ɗan shekara goma sha biyar yakan amsa tambaya a gaban dattijai bisa aikin da aka damƙa masa.

Ƙungiyar SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta kafa zango a Tsibirin Gobir kusa da Maradi, daga baya ta iso Dogon Dutsi da Geceme. Limaman Katolika su ma suka buɗe mishan da makaranta a Dogon Dutsi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yake Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, matashin da ya koyi boko yakan zama shi ne mai karanta wa iyayensa, shi ne kuma mai jan waƙa a taro. Ta haka karatu ya ba yaro muryar da shekarunsa ba su ba shi ba.

Amma fa amanar ba ta cika ba. SIM ta daɗe tana ɗari-ɗari da ilimi mai zurfi, tana tsoron kada ɗalibanta su gudu zuwa aikin gwamnati. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 yadda wannan ya ɓata wa Kiristocin Nijar rai. An yarda saurayi ya yi wa'azi a kasuwa, ba a yarda ya kai inda zai yanke shawara ba. Kafuwar Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar a farkon shekarun 1960 ta fara mayar da ragama hannun ƴan ƙasa.

Daga waje ma iska ta kaɗo. A Beljiyam, Fada Joseph Cardijn ya kafa ƙungiyar matasa ma'aikata a 1925 bisa aƙidar cewa matasa su ne za su jagoranci ƴan'uwansu, babba ya tsaya a gefe yana ba da shawara. A Jos kuma, cikin shekarun 1960, aka soma Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fitar da wa'azi daga hannun fastoci kaɗai, ya kuma ƙetaro har Nijar. Ita kanta gwamnati ta gane ƙarfin nan: bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da samariya, sai dai ya ɗaure ta da igiyar mulki, ta zama mai karɓar umurni.

A nan darasin yake. Ba Turawa suka koya wa Arewa amincewa da matashi ba. Sun tarar da abin a gona da dandali. Duk inda aka ba shi aiki aka hana shi shawara, a mishan ko a samariyar gwamnati, ƙungiya takan yi ganye ba saiwa. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara goma sha biyar ba, majami'a ko makarantar da ke jira sai yaro ya yi furfura kafin ta damƙa masa makulli, za ta wayi gari babu mai buɗe ƙofar.