Tsintsiyar da Ta Kwance: Tashi da Faɗuwar West Indies a Wasan Kurket

A watan Yulin 2025, a filin Sabina Park da ke Kingston, babban birnin Jamaika, 'yan wasan Ostiraliya suka fitar da ƙungiyar West Indies kakaf da maki 27. Domin wanda bai saba da wasan kurket ba ya gane girman abin, mutum 11 ne a kowane ɓangare. Mai jifa yana wurgo ƙwallo mai tauri yana neman kayar da sanduna uku da ke bayan mai duka, shi kuwa mai duka yana kāre su da katako yana tara maki, kuma ƙungiya mai ƙarfi kan tara 300 ko 400 a zubi ɗaya. Tun da aka fara dogon wasan nan na kwana biyar a 1877, sau ɗaya tak aka ga abin da ya gaza haka, wato maki 26 na New Zealand a 1955. Wannan kuwa ita ce ƙungiyar da ta yi shekara 15 ba a rinjaye ta a jerin wasanni ko sau ɗaya ba. Abin da nake so in nuna shi ne, abin da ya ɗaga ta sama shi ne ya bar ta ba madogara: an gina ɗaukakarta a kan zafin kishi da makarantar aro, aka kuma manta da ginin gida.

Da farko, West Indies ba ƙasa ba ce. Sunan ya samo asali ne daga kuskuren Kolumbus, wanda ya isa tsibiran Karibiyan a 1492 yana zaton Indiya ya kai. Ƙungiyar tana wakiltar ƙasashe da yankuna 15, irin su Jamaika da Barbados da Trinidad da Antigua da Guyana, kowacce da gwamnatinta, teku kuma ya raba su. Yawancin mutanensu jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka zuwa gonakin rake, sai kuma jikokin 'yan ƙwadagon da aka kawo daga Indiya bayan an hana bauta. Turawan Ingila ne suka kai wasan, kuma a farkon lamari bature ke riƙe da katako, baƙin mutum na zufa yana masa jifa. Ƙungiyar ta fara buga dogon wasa a 1928, amma aka shekara fiye da 30 ana keɓe wa farar fata shugabancinta, in ban da wasa ɗaya da George Headley ya jagoranta a 1948. Sai da marubuci C.L.R. James ya tsaya kai da fata a jarida kafin a naɗa Frank Worrell kyaftin a 1960.

A daidai wannan lokaci ne siyasa ta gwada haɗa tsibiran ta kasa. Tarayyar da aka kafa a 1958 ta wargaje a 1962, kowa ya kama gabansa ya karɓi 'yancinsa shi kaɗai. Filin kurket ya zama wurin da mutumin Jamaika da na Guyana ke jin su 'yan gida ɗaya ne. Hausawa kan ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Maɗaurin wannan tsintsiya shi ne burin nuna wa tsohon ubangida cewa jikan bawa ya fi shi iya wasansa.

Clive Lloyd, mutumin Guyana, shi ya mayar da wannan buri makami. Ya ci Kofin Duniya na farko a 1975, amma 'yan watanni bayan haka masu jifan Ostiraliya, Dennis Lillee da Jeff Thomson, suka yi wa ƙungiyarsa dukan kawo wuƙa, wasa 5 da 1. Lloyd ya koma gida da darasi: zai tara masu jifa huɗu masu tsananin gudu, in ɗaya ya gaji wani ya karɓa, har mai duka ya rasa lokacin numfashi. Haka aka sami Andy Roberts da Michael Holding da Joel Garner da Colin Croft, daga baya Malcolm Marshall. A 1976 kyaftin ɗin Ingila, Tony Greig, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi alwashin sai ya sa sun yi rarrafe a gabansa. Kalmar ta yi wa jikokin bayi zafi, suka amsa masa da ci 3 da nema, Viv Richards na dukan ƙwallo kamar mai ramuwar gayya. Suka sake cin Kofin Duniya a 1979. A 1984 suka lallasa Ingila 5 da nema a gidanta, suka maimaita mata a Karibiyan a 1986. Daga 1980 zuwa 1995 sun buga jerin wasanni 29 ba a doke su ba. Richards kuwa ya ƙi karɓar maƙudan kuɗi don ya je wasa Afirka ta Kudu a zamanin wariyar launin fata, abin da ya nuna cewa a wurin mutanen wannan zamani, wasan ya wuce neman abinci.

Ƙarshen mulkin ya zo a 1995, a wannan fili na Sabina Park, inda Steve Waugh ya tara maki 200 Ostiraliya ta tafi da nasara. Shekara ɗaya bayan haka Kenya, wadda ba ta ma cikin manyan ƙasashen wasan, ta doke su a Kofin Duniya. A 2000 Ingila ta rinjaye su karo na farko tun 1969. Curtly Ambrose ya yi ritaya a shekarar, Courtney Walsh ya bi shi a 2001, aka duba baya ba a ga magada ba. Brian Lara ya kafa tarihi da maki 400 shi kaɗai a 2004, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ganina dalili na farko shi ne makarantar aro. Gwanayen zamanin Lloyd a ƙungiyoyin lardunan Ingila suka goge: Lloyd a Lancashire, Richards da Garner a Somerset, Marshall da Gordon Greenidge a Hampshire. Gasar da attajirin Ostiraliya Kerry Packer ya shirya daga 1977 zuwa 1979 ita ta ƙara koya musu horo da ƙarfin jiki. Da Ingila ta rage yawan baƙin da kowace ƙungiya za ta ɗauka, ƙofar ta tsuke. Ostiraliya kuwa, da ta gaji da shan kaye, ta buɗe makarantar horar da matasa a Adelaide a 1987. Hukumar West Indies ta zauna tana jiran tsibirai su ci gaba da haifo gwanaye kamar yadda suka saba. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Dalili na biyu shi ne kuɗi da rashin yarda. Jama'ar yankin ba su wuce 'yan miliyoyi ba, kasuwar talabijin ƙarama ce, kuma duk wasa tsakanin tsibirai sai an hau jirgin sama. A 1998 'yan wasa suka tsaya a wani otal a Landan suka ƙi wucewa Afirka ta Kudu saboda rigimar albashi, har sai da Nelson Mandela ya aike musu da wasiƙa. Da suka je aka ci su 5 da nema. A 2009 manyan 'yan wasa suka yi yajin aiki, Bangladesh ta doke 'yan cike-gurbi a gida. A 2014 suka watsar da rangadin Indiya ana tsaka da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: gasar Indiya ta gajeren wasa, wadda aka fara a 2008, tana biyan ɗan wasa cikin makonni abin da hukumarsa ba za ta iya ba shi a shekara ba. A 2025 Nicholas Pooran ya daina buga wa West Indies yana da shekara 29. Ban ga laifin matashin da ya zaɓi abin da zai riƙe iyalinsa ba. Laifin na wanda bai tanadar masa dalilin zama ba ne.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi nauyi a wurina: maɗaurin ya ruɓe. Yaron da aka haifa bayan samun 'yanci bai ga bature yana mulkin garinsu ba, don haka doke Ingila ba ya warkar masa da wani miki. Usain Bolt ya fara da kurket yana yaro, amma a fagen tsere ya yi suna, yana yafe da tutar Jamaika ita kaɗai.

Gwaninta dai ba ta ƙare ba. Sun ci Kofin Duniya na gajeren wasa a 2012 da 2016 a ƙarƙashin Darren Sammy, kuma a Janairun 2024 Shamar Joseph, ɗan wani ƙauye a Guyana, ya fitar da mutum bakwai a Brisbane da ciwo a yatsan ƙafa, ya kawo nasarar farko a Ostiraliya tun 1997. Amma watanni kaɗan kafin wannan, ƙungiyar da ta ci Kofin Duniya biyu na farko ta kasa samun gurbi a gasar 2023. Irin wannan hawa da sauka alama ce ta ƙasa mai albarka wadda ba ta da rumbu.

A 2028 kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles, inda ba a san wata ƙasa mai suna West Indies ba, kowane tsibiri da tutarsa. Idan mutanen Karibiyan ba su samo wa kansu sabon dalilin zama tare ba, wanda bai dogara da ƙin wani ba, ina tsoron kada wannan rarrabuwa ta yi musu daɗi, abin da ya tsira daga rushewar 1962 ya bi sahun tarayyar da ta riga shi.