Ganyen Farisa a Bakin Bature

Na daɗe ina mamakin kalmar nan ta Ingilishi, spinach, wadda ɗalibanmu ke fassara alayyaho da ita. Wanda ya ji ta zai rantse haifaffiyar Ingila ce, alhali baƙuwa ce da ta sha doguwar tafiya. Mahaifarta ƙasar Farisa, inda aka fara noman ganyen ana ce masa aspanakh. Ta gabas, ganyen ya isa ƙasar Sin ta hannun mutanen Nefal a shekarar 647, amma Sinawa suka bar sunan a baya, suka kira shi ganyen Farisa kawai. Larabawa kuwa da iri da suna suka kwasa, suka ce isfanakh, suka ƙetara da shi Andalus.

A can ya samu gata. Ibn al-Awwam, masanin noma na birnin Ishbiliya a ƙarni na 12, ya yi bayanin nomansa a cikin Kitabul Filaha. Daga bakin Larabawan Andalus kalmar ta faɗa bakin maƙwabtansu, ta gangara Faransa ta zama espinache, sannan ta haye teku zuwa Ingila, wasalin farko ya zube a hanya. Wajen 1390 har ta shiga littafin girki na masu dafa abincin Sarki Richard na Biyu.

Da aka kwana biyu, hanyar ta ɓace wa masanan Turai, sai suka shiga nema wa kalmar uba a gida. Wasu suka ce daga spina take, wato ƙaya a harshen Latin, tunda ƙwayar irin wani nau'in ganyen tana da ƙayoyi. Wasu suka jingina ta ga Hispania, tsohon sunan ƙasar Sifen. Na biyun ya fi ba ni tausayi, domin ya kama zango ya ɗauka gida ne. Na farkon kuwa ya fi daɗin ji, amma Rumawa masu Latin ba su san wannan ganye ba, balle su raɗa masa suna. Iyakar abin da zan yarda da shi, ƙayar ta taimaka wajen lanƙwasa lafazin.

Mu nan sunan ne ya fi ganyen isowa. Spinach na ainihi ɗan sanyi ne, da ya ji zafi sai ya yi tsiko ya fid da fure. Alayyahonmu ɗan'uwansa ne na dangi ɗaya, amma shuka ce dabam mai jure rana, kuma shi ya gaji sunan Farisa a Turancin kasuwanninmu.