Tabarmar Makoki a Ƙasar Bakolori

Ina yaro mahaifina ya fara jana zuwa zaman makoki. A kan tabarmar ƙofar gida na koyi tambayar da kowa ke yi, "Ya haƙuri?", da amsarta, "Da godiya." Na daɗe ina mamakin yadda mai kuka zai ce yana godiya.

A Talata Mafara da Bakura da Maradun wannan gaisuwa ta yi nauyi bayan madatsar ruwa ta Bakolori. An fara gina ta a kan Kogin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Ruwa ya cinye gonaki da gidaje, aka tashi dubban mutane, fadamun da ke ƙasa da madatsar kuma suka daina samun ambaliyar da ke ciyar da su. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, lokacin Zamfara na cikin Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce gawarwaki ɗaruruwa ne.

Abin da malamai ke jawowa a zaman makoki bai canza ba: jarrabawar Annabi Ayuba, da shekarar baƙin ciki da Manzon Allah ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Sukan ce baƙin ciki na kankare zunubi, yana tausasa zuciyar da ta bushe. Ni dai ban yarda da masu cewa wannan wa'azi ya sa talaka yin shiru ba. Waɗanda suka tsaya a bakin hanya suna neman haƙƙinsu su ne dai suka dawo suka shimfiɗa tabarma.

Daga baya wa'azin Izala ya rage sadakar bakwai da ta arba'in a gidaje da yawa, zama ya koma kwana uku. Wani dattijo da na sani, wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwan madatsar, har ya rasu ba ya fashin ta'aziyya ko a wane ƙauye ne. Yakan zauna dab da mai rashi, carbi a hannu, sai an kira la'asar ya miƙe.