Asalin Sunan Rothschild

A ƙasar Jamus, a bakin kogin Main, akwai wani babban birnin ciniki da ake ce da shi Frankfurt. A shekarar 1462 mahukuntan birnin suka tilasta wa Yahudawa su koma wani lungu guda mai ƙofofi. In dare ya yi sai a kulle su ciki, haka nan kuma ran Lahadi. A zamanin nan gidaje ba su da lamba, sai dai kowane gida a rataya masa alama bisa ƙofa: wani hoton jirgin ruwa, wani gaggafa, wani kwanon tuya. Yawancin Yahudawa kuwa ba su da sunan zuriya, sai dai a ce wane ɗan wane.

To, wajen 1567 wani mutum mai suna Isaak Elchanan ya gina gida a lungun, alamarsa jar garkuwa. Da Jamusanci “rot” shi ne ja, “Schild” kuwa garkuwa. Sai aka riƙa kiran mutanen gidan Rothschild, watau na gidan jar garkuwa. Daga baya jikoki suka tashi suka koma wani gida, amma sunan ya bi su. Saboda haka ya girmi dokar da Sarki Joseph na Biyu na Austiriya ya kafa a 1787, wadda ta ce lalle kowane Bayahude ya ɗauki sunan zuriya.

Wanda ya sa sunan ya shahara shi ne Mayer Amschel Rothschild, wanda aka haifa a lungun nan a 1744. Ya fara da cinikin tsofaffin kuɗaɗe, har ya zama wakilin Sarkin Hesse a sha'anin kuɗi. Ya rasu a 1812, ya bar 'ya'ya maza biyar. Ɗaya ya riƙe bankin Frankfurt, sauran suka kafa nasu a Landan, da Paris, da Biyana, da Naples.

Amma shahara ba ta zo ita kaɗai ba. Maƙiyan Yahudawa suka mai da sunan abin ƙulla ƙarairayi, wai gida guda ne ke juya duniya. Ba kuwa duk mai sunan ne dangin masu banki ba. Da yawa talakawa ne. Da mutanen Hitler suka shiga Austiriya a 1938, suka kama Louis Rothschild na Biyana, suka ƙwace dukiyar gidan. Waɗansu masu sunan suka yi hijira, waɗansu aka hallaka su tare da miliyoyin 'yan'uwansu.

Shi ya sa ba a cika jin sunan a Jamus ba, an fi samunsa a Amurka, da Ingila, da Faransa, da Isra'ila. Lungun kansa an rushe shi tuntuni, sai harsashin 'yan gidaje da aka tono aka keɓe don masu ziyara. Gidan jar garkuwa babu shi, amma sunan ƙofarsa yana nan bayan shekara fiye da 450.