Jadawalin Waƙoƙin da Suka Fi Tashe a Najeriya

Jadawalin waƙoƙi jeri ne da ake fitarwa mako-mako domin nuna waƙoƙin da aka fi saurara. Mujallar Billboard ta Amurka ta fara nata mai suna Hot 100 tun 1958. A Najeriya kuwa sai a Nuwamban 2020 kamfanin TurnTable ya soma fitar da jerin waƙoƙi 50, kuma "Ginger" ta Wizkid da Burna Boy ce ta fara hawa matsayi na ɗaya. A 2022 aka faɗaɗa jerin ya koma 100.

Ana haɗa lissafin ne daga yawan sanya waƙa a rediyo da kuma yawan saurarenta a manhajoji irin su Audiomack da Boomplay da YouTube. Cikin waɗanda suka daɗe a sama akwai "Godly" ta Omah Lay, da "Buga" ta Kizz Daniel da Tekno a 2022, da "Lonely at the Top" ta Asake a 2023.

Sai dai ma'aunin bai cika kama waƙoƙin Hausa ba. A garuruwan gefen Abuja irin su Orozo, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, da yawa shagon masu cajin waya suke zuwa a tura musu waƙa, ko aboki ya tura wa aboki, kuma babu mai ƙirga wannan. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game Arewa a 2020, lokacin kullen korona, har matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon kansu suna taka mata rawa a gaban mazajensu. Irin wannan tashen a gidajen biki ake gane shi.