Dodon da Bai Sauko Ƙauye Ba

A ranar 24 ga Satumba 1997 kamfanin Origin Systems da ke birnin Austin a Amurka ya buɗe Ultima Online, wasan da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet a lokaci guda. Mu masu rubuta manhaja, abin da ke mayar da mu kan tarihin wasan nan shi ne wani daji da aka so ya rayu da kansa, aka gina shi, aka kuma tuge shi ba tare da yawancin 'yan wasa sun san an taɓa yin sa ba.

A tsarin da Raph Koster da abokan aikinsa suka shimfiɗa, kowace halittar da kwamfuta ke tafiyarwa tana da abincinta, da mafakarta, da abin da take kwaɗayi, da abin da ake samu a jikinta. Zomo ya nemi ciyawa, kerkeci ya nemi zomo, dodo mai aman wuta kuma ya nemi tulin nama da kogo da zinariya. Idan mafarauta suka ƙarar da barewa, sai dodo ya faɗaɗa yawon neman abinci har ya faɗa wa tumakin ƙauye, mutanen ƙauye su nemi jarumi. Babu marubucin da zai tsara wannan labari. Yunwa ce za ta haifar da shi.

Labarin da ya fi yaɗuwa game da mutuwar dajin shi ne na Richard Garriott, mai wasan, wanda ya maimaita a hirarsa da Ars Technica a 2018. A faɗarsa an kwashe shekara uku ana aikin, amma da aka buɗe ƙofa sai 'yan wasa suka afka kamar tururuwa, suna kashe duk abin da ya motsa kafin ya hayayyafa. Labari ne mai daɗin ji, domin yana ɗora laifi kan haɗamar ɗan Adam, kuma akwai gaskiya a cikinsa.

Sai dai Koster, a bayanin da ya rubuta a 2006, ya nuna wata matsala da ba ta da armashi ko kaɗan: tsadar lissafi. Mu dai bayaninsa ya fi kwanta mana, don mun san ciwon. Kafin zomo ɗaya ya ci ciyawa, sai babbar kwamfutar da ke riƙe da duniyar, wato saba, ta duba duk abin da ke kewaye da shi, ta zaɓi wanda ya dace, sannan ta lissafa hanyar zuwa, ta kauce wa itace da ruwa da katanga. Da wani ya riga shi cinye ciyawar, sai a sake daga farko. Kerkeci kuwa abincinsa gudu yake yi, hanyar da aka lissafa yanzu ta tashi aiki bayan taku biyu. Dodo ya fi kowa tsada, domin duk lokacin da yunwa ta sa ya ninka nisan bincikensa, filin da za a duba ya ninku sau huɗu. Wato daidai abin da ke sa tsarin ya burge shi ne ke cinye ƙarfin injin. Kuma wannan saba ɗin ce dole ta amsa wa mutumin da ya biya kuɗin wata yana jiran takobinsa ya sauka. Idan aka ce a zaɓa tsakanin tunanin zomon da ba mai kallonsa da saran mai biyan kuɗi, ai ba sai an kira taro ba.

Halittun irin wannan sun girmi Ultima Online. Tun a MUD, wasan rubutu da Roy Trubshaw ya fara a Jami'ar Essex ta Ingila a 1978 kuma Richard Bartle ya ci gaba da shi, akwai su suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Amma wancan yawo ne mai arha. Duba 'yan ƙofofin ɗaki guda ba ya gajiyar da inji.

Hanyar da masu yin wasanni suka fi bi daga baya ita ce ta rage wa halitta buri. A ajiye ta a wuri guda, ta farka idan ɗan wasa ya matso, ta bi shi ɗan nisa, ta koma mazauninta, in an kashe ta kuma a sake fito da irinta bayan 'yan mintoci. Haka dodannin World of Warcraft na 2004 suke. Idan kun taɓa tsakin cewa halittun wasa wawaye ne, ku sani da gangan aka yi su haka, kasafi ne.

Minecraft ma, da yara ke bugawa a waya, yana kan wannan ma'auni. Duniyarsa na bugawa sau 20 a daƙiƙa ɗaya, don haka duk motsin halittu da kwararar ruwa da girman shuka sai sun shige cikin kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, in ba haka ba kowa ya ji wasan na jan ƙafa. A nau'insa na Java, mugun dodon da ya yi nisan fiye da bulo 128 daga ɗan wasa mafi kusa ɓacewa yake yi nan take. Gonar da aka yi wa nisa kuma tsayawa take cak. Shi ya sa za ku ga ɗan wasa ya tsayar da mutuminsa a bakin gona, ya bar na'ura a kunne ya je ya kwanta, don alkama ta samu ta nuna kafin safiya.